Jos: Shekara Ɗari a Gari, Har Yau Ana Ce Musu Baƙi

Kirarin da hukuma ta yi wa Jihar Filato shi ne gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Da can kuwa kirarin bai yi ƙarya ba. Tun farkon ƙarni na 20 haƙar kuza ta tara Hausawa da Ibo da Yarbawa da Urhobo a Jos, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Jarawa, ana cin kasuwa ɗaya, ana kai wa juna abincin Salla da na Kirsimeti.

To, abin da ya raba kan jama'a wata 'yar takarda ce, watau takardar shaidar asali wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa. Wanda ba shi da ita, samun aikin gwamnati da gurbin karatu da kuɗin tallafin makaranta sai ya yi masa wuya, ko da kakansa a Gangare aka haife shi. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini, alhali kuwa sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, kuma lalle ya zama ɗan asalinta.

Da gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa a 1991, sai Birom da Anaguta da Jarawa suka ɗauka an yanka wa Hausawa ƙasarsu ne, su kuwa Hausawa suka ce haƙƙinsu ne ya zo. Naɗin Alhaji Aminu Mato shugaban riƙo ya jawo tarzoma ran 12 ga Afrilu, 1994. Ran 7 ga Satumba, 2001 wuta ta sake tashi, mutum wajen 1,000 suka halaka cikin 'yan kwanaki. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na Nuwamba 2008 aka sake rasa ɗaruruwan rayuka, haka kuma a 2010 a Kuru Karama da Dogo Nahawa. Musulmi da Kirista duka sun binne nasu. Daga nan unguwanni suka rabu, kowa ya koma cikin danginsa.

Mazauna Sabo ta Ibadan da Agege da Shagamu sun san wannan ciwo, domin ɗan da aka haifa a can, ya tashi da Yarbanci a baki, in takarda ta taso sai a ce ya nemi garin kakansa. Amma fa a tuna, ɗan Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano shi ma amsar da yake samu ke nan. Muddin doka ba ta lissafa shekarun zama da harajin da mutum ya biya ba, wanda yake ɗan gida a nan, baƙo ne a can.