Sikelin da ke bambance kitse da tsoka

Sikelin da aka saba hawa a Kankara, Faskari da Sabuwa nauyi kawai yake faɗa. Matasa biyu na iya yin kilo 70, ɗaya tsoka, ɗaya kitse.

Sikelin zamani, irin na Xiaomi, yana ratsa jiki da 'yar wutar lantarki da ba a ji. Tsoka na da ruwa, sai wutar ta wuce. Kitse kuwa tare ta yake. Sakamakon sai ya fito a waya.

Sai dai shan ruwa kaɗai na canza lissafinsa. Bincike na gaske sai na'urar DEXA, mai ɗan karen tsada. Idan TETFund ta saya wa jami'o'in Katsina, 'ya'yan yankin masu karatun ilimin motsa jiki za su koya a aikace, ba a allo kaɗai ba.