Yadda ake tayar da tsohuwar Fijo a Tamanrasset

Wanda ya saba da tsofaffin motocin Ikko ko Kwatano, inda iskar teku ke cin ƙarfe, zai yi mamaki in ya leƙa ƙarƙashin Peugeot 504 da ta shekara ashirin a ajiye a Tamanrasset. Ƙarfenta na nan garau. Garin yana cikin duwatsun Ahaggar, sama da mita 1,300 daga doron teku, ruwan sama kuma sai jefi-jefi, don haka tsatsa ba ta samun wurin zama. Masu kashe mota a nan su ne rana da ƙura da gargadar hanya, kuma da su mai gyara zai yi lissafi.

Ta yaya Fijo ta yi yawa a tsakiyar Sahara? A shekarun 1970 da 1980 matasan Turawa kan sayi tsohuwar 404 ko 504 a Faransa, su tsallako da ita Aljeriya ta jirgin ruwa, su gangaro ta Ghardaïa da In Salah zuwa Tamanrasset. Daga nan kwalta ta ƙare, sai rairayi har In Guezzam da Assamaka, su sayar a Arlit ko Agadas. Waɗanda suka gaza a hanya an bar gawarsu a yashin Laouni, wasu kuma a garin suka tsaya, suka tarar da 'yan'uwansu akori-kura da mutanen ƙasar ke aiki da su.

Kafin a taɓa sifana, a duba takardu. Lambar motar Aljeriya da kanta take faɗin shekarunta: alƙaluma biyu na ƙarshe na jiha ne, 11 ita ce Tamanrasset, uku na gabansu kuma nau'in mota ne da shekara. In ka ga 178 11, ƙaramar mota ce ta 1978. Sai a gwada lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar da wadda ke kan takardun. In sun saɓa, a haƙura, komai kyawunta.

Daga nan sai inji, kuma a nan gaggawa ke yin ɓarna. Kada a ɗaura batir a murza makulli. A kwance filogi, a ɗiga baƙin mai a kowane rami, a bar shi kwana biyu ko uku ya jiƙa, sannan a juya injin da hannu a hankali. In ya juya, alhamdu lillahi. In ya cije, ba a yanke ƙauna ba, domin ramukan fistin na 504 bututun ƙarfe ne da ake zarewa a sa sababbi, abin da ya sa makanikai ke ƙaunarta tun fitowarta a 1968. A zubar da tsohon mai, a sauke tanki a wanke, don fetur in ya daɗe yakan zama danƙo ya toshe kafireta.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne na roba. Duk abin da aka yi da roba a motar da ta sha ranar Sahara, a ɗauka ya mutu ko da ido bai nuna ba: tiyon lagireto, fanbel, robobin birki, na ƙafafu, na gilashi, har rigar wayoyin wuta, wadda kan farfashe ta haddasa gobara. Taya mai sauran zane ma ba abin yarda ba ce in gefenta ya tsattsage. Ni a ganina birki ya kamata a gama kafin a ji ƙarar inji, domin ranar da mota ta tashi, zuciya ba ta bari a jira.

Gargada kuwa ɓarnarta a ɓoye take. A wanke ƙasan motar tas, a bi da tocila wajen da sifirin da shokazoba suka kama jiki, a nemi tsaga siririya kamar gashi, a yi mata walda tun ba ta buɗe ba. A sa sabuwar matatar iska. A kuma daidaita kafireta a garin, saboda iskar tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba, injin da aka saita a Aljas zai riƙa shan mai fiye da kima yana baƙanta filogi.

Kayan gyara ba su yi wuyar da ake zato ba. Kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara aiki a 1975, ya shafe kusan shekara talatin yana haɗa 504, shi ya sa har yau akan dace a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Roƙona ɗaya: kada a cire injinta a dasa na wata mota don sauƙi. Wanda ya san kukan Fijo zai gane tun daga nesa.

Fenti ne ƙarshe. Asalin launinta yana nan a cikin but ko ƙarƙashin kafet, inda rana ba ta kai ba, da shi za a gwada. Gwajin farko kuma a yi shi da sassafe a kan kwaltar da ta nufi In Salah, kilomita ashirin a juyo, ido na kan allurar zafi. In an dawo, a bar ta ta huce, a sake bin kowane noti da sifana. Hawan dutsen Assekrem sai ta yi wata guda tana yawo a gari ba ta ɗigar da komai ba.