Yadda ake mayar da tsohuwar Marsandi kamar ranar da ta bar kamfani

A watan Oktoban 2024 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da wata Marsandi ƙirar 300 SL ta 1956 kan sama da dala miliyan tara a Los Angeles da ke Amurka. Motar ta yi kusan shekara 50 a ajiye a filin tara tsofaffin motoci na wani ɗan kasuwa, marigayi Rudi Klein, ƙura ta lulluɓe ta.

Abin da ya ja wannan kuɗi shi ne asalinta. Tsakanin 1954 da 1957 kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera irin wannan mota, mai ƙofofi da ke buɗewa sama kamar fikafikan tsuntsu, guda 1,400. A cikinsu 29 kacal aka yi wa jiki na alminiyom, kuma wannan tana cikinsu. Baƙa ce ta fito daga kamfani, daga baya wani ya shafe ta da fenti ruwan azurfa. Duk wanda zai gyara ta, tambayar farko da ke gabansa ita ce ko ya dawo da baƙin.

Daga takarda ake farawa

Masu wannan sana'a ba sa taɓa sufana sai sun ga takarda. Mercedes na ajiye da katin bayanan motocin da ya ƙera, inda aka rubuta lambar shasi, lambar inji, launin fenti da irin kujerun da aka sa. Tun 1993 kamfanin ke da cibiyar kula da tsofaffin motocinsa a Fellbach, kusa da Stuttgart a Jamus. Ferrari ma ya buɗe irin wannan sashe a 2006, yana ba da takardar shaida ga motar da ta dace da yadda aka ƙera ta.

Idan lambar injin da ke cikin motar ta yi daidai da ta kati, darajarta ta tashi. Idan an taɓa canza injin, ko da wanda aka sa ya fi lafiya, farashi ya faɗi. Haka kujeru. Da yawa daga cikin 300 SL da yadi mai zanen ɗaki-ɗaki suka fito, fata kuwa sai wanda ya biya ƙari. Mai gyaran da ya ga yadi a kati ya ɗinka fata don ta fi kyau, ya ɓata aiki.

Bayan takarda sai a wargaza motar gaba ɗaya, har ƙusa, ana ɗaukar hoton kowane abu kafin a cire shi. Ƙashin 300 SL siraran bututun ƙarfe ne da aka haɗa da walda. Bututun sun cika gefen motar har babu wurin ƙofa irin ta kowa, shi ya sa aka ɗaga ƙofofin sama. Idan motar ta taɓa haɗari ƙashin ya karkace, ƙofar ba za ta zauna daidai ba komai gwanintar mai bugun jiki. Kayan gyara ma ba a shago suke ba. A 2018 Mercedes ya koma buga wasu sassan jikin motar, bayan ya auna na asali da na'ura.

Har aibinta ake dawowa da shi

Nan ne aikin ya bambanta da gyaran da bakanike ya saba. Injin motar mai silinda shida ba ya amfani da kafireta, wani famfo na Bosch ne ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, abin da ya zama sabo a lokacin. Sai dai fetur kan zurara ya gauraya da baƙin mai, don haka dole a riƙa juye man akai-akai. Birkinta na ganga ne, kuma cikinta na ɗaukar zafi sosai saboda gilasan ƙofa ba sa sauka.

Duk waɗannan ana iya magance su da kayan zamani, akwai ma masu yi. Amma motar da aka sa wa sabon birki da na'urar sanyaya ɗaki ta fita daga sahun na asali, kuma alƙalan gasar tsofaffin motoci za su rage mata maki. Har ƙyalli da ya wuce kima laifi ne, domin fentin yau ya fi na 1955 sheƙi.

Wasu masu tara motoci sun fara ganin cewa gyaran kansa ɓarna ne, kuma suna da hujja, tunda fentin asali idan aka kankare shi ya tafi ke nan. A gasar Pebble Beach ta jihar Kalifoniya a 2024, wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ta ba, da ƙujewarta da tsofaffin kujerunta, ita ta lashe babbar kyauta, karo na farko da irinta ta yi hakan.

Ko a Najeriya akwai motar da babu mai hankalin da zai kai ta gareji. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Mohammed a ciki ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Legas, da ramukan harsashi a jikinta.