Tsarin Jakunkuna a Aikin Rubuta Manhaja

Manhaja, wato jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, takan faro ne daga fayil guda, amma babban aiki yakan kai fayiloli dubbai. Daga nan ne matsalar rarrabewa ke tasowa: wane fayil zai zauna da wane, kuma bisa wace hujja?

Ana adana fayiloli cikin jakunkuna, waɗanda masu sana'ar ke kira folda. Jaka tana iya ƙunsar wata jaka, ita ma ta ƙunshi wata, tamkar bishiya da rassanta. An yi amfani da wannan tsari a manhajar Multics cikin shekarun 1960, sannan Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969, ta yaɗa shi.

Sai dai samun jaka daban, sanin abin da za a zuba mata daban. A 1972 masanin kwamfuta David Parnas ya nuna cewa bai kyautu a raba manhaja bisa jerin matakan aikinta ba. Abin da ya fi shi ne kowane sashe ya killace al'amari guda wanda ake jin zai iya sauyawa. Ko da yake a kan sassan manhaja ya yi magana, ƙa'idar ta dace da jakunkuna: abubuwan da ke sauyawa tare su zauna tare.

Alal misali, Linus Torvalds ya fara rubuta Linux a 1991 domin na'urar Intel 386 kaɗai. Da aka faɗaɗa ta zuwa wasu na'urori, sai aka tattara abin da ya keɓanta da kowace iri cikin jakar arch, kowacce da ɗakinta. Abin da ya shafi adana fayiloli yana cikin fs, na sadarwa kuma cikin net. Saboda haka mai shigar da sabon nau'in na'ura, galibin aikinsa cikin arch yake.

Harshen Java, wanda ya fito a 1995, ya ƙara da cewa a al'adarsa sunan rukunin fayiloli yana bin mazauninsa: rukunin java.util yana cikin jakar util, a ƙarƙashin jakar java. Ke nan mazauni ya zama ɓangaren suna.

Amfanin wannan duka ga mutum yake komawa. Idan tsari ya gurɓata, gyara guda sai ya taɓa jakunkuna da dama, a manta da ɗaya, kuskure ya shiga. Idan kuwa ya daidaita, baƙon da ya buɗe aikin zai gane inda kome yake tun daga sunayen jakunkunan.