Yadda za a ci moriyar kwarkwaron zare bayan zaren ya ƙare

A duk lokacin da Sallah ta gabato, teloli a Babbar Kasuwar Gombe da unguwannin Jekadafari, Pantami da Tudun Wada kan kwana suna ɗinki. Idan gari ya waye, abin da ake sharewa daga shagunan bai wuce ƙyallaye da kwarkwaron zare ba, wato robar ko kwalin da kamfani ke naɗo zare a jikinsa.

Kwarkwaron iri uku ne. Akwai na katako, wanda ya yi ƙaranci yanzu, da na kwali mai siffar mazurari, sai na roba, wanda ya fi yawa. Na katako da na kwali suna ruɓewa, amma na roba kan daɗe a ƙasa bai ruɓe ba.

Wannan ne ya sa batun ya shafi Gombe kai tsaye. Birnin, wanda ya zama fadar jiha a ranar 1 ga Oktoban 1996, yana fama da zaizayar ƙasa da ambaliya. Robar da aka zubar a lambatu kan haɗu da leda da yashi ta toshe hanyar ruwa, ruwan kuma ya nemi wata hanya ta cikin gidaje. Hukumar tsaftar muhalli ta jihar, GOSEPA, ita ke da alhakin kwashe shara, sai dai rage sharar tun daga shago ya fi sauƙi da arha.

Mai sana'ar ne ya kamata ya fara amfana. Tela zai iya naɗe ragowar zare, roba ta wando ko zariya a jikin kwarkwaro domin kada su harɗe. Masu ɗinkin hula da masu surfani, waɗanda ke aiki da launuka da yawa, za su iya ware wa kowane launi nasa.

A cikin gida, babban kwarkwaro kan riƙe wayar caja ko igiyar shanya. Idan aka kafa shi a bango da ƙusa, ya zama maratayin riga ko jaka. Na kwali kuwa, ana cika shi da ƙasa da taki a rena irin tumatir ko zogale, sannan a dasa shi tare da kwalin, ya ruɓe a ƙasa.

Malaman firamare za su iya zira guda goma a igiya ɗaya su koyar da ƙirga da tarawa, ko su ware su bisa launi da girma. Yara masu ƙera motar kara ko ta gwangwani kuma sun samu tayoyi kyauta.

Akwai abubuwa biyu da ya wajaba a kiyaye. Kada a bai wa yaron da bai kai shekara 3 ba ƙaramin kwarkwaro, domin zai iya sa shi a baki ya shaƙe. Kada kuma a ƙone na roba, saboda hayaƙinsa na cutar da huhu.

Abin da ya saura, a tara shi a buhu guda a nemi masu sayen tsofaffin robobi. Idan telolin layi ɗaya suka haɗa nasu wuri guda, nauyin zai kai yadda mai saye zai zo ya ɗauka da kansa.