Ladubban Magana a Wayar Iska



Akwai wasu mutane a duniya waɗanda ke kafa 'yar tashar rediyo a gidajensu domin sha'awa da neman ilimi, su yi magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Kowanensu yana da lasin daga gwamnatinsa, da alamar kira tasa ta kansa. Ta 'yan Nijeriya takan soma da 5N, ta 'yan Nijar kuwa da 5U. Tun 1925 suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris. Ɗaliban injiniya na jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Wudil su ne na fi nufi da wannan bayani, domin su za su fi saurin kamuwa da wannan sha'awa.

Farkon ladabi shi ne sauraro, kuma dalilinsa na kimiyya ne. Muryar da aka watsa a gajeren zango, misali mita 20, takan hau sama kimanin kilomita 300, ta bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, sa'an nan ta faɗo a nesa, ta tsallake na kusa. Saboda haka mai yiwuwa ne mutum yana Wudil ya ji zango shiru, alhali kuwa wani a Zariya yana tsakiyar magana da Ingila. Na Wudil ba ya jin na Zariya, amma Baturen yana jin su duka biyu. Da ya danna makunni, ya dagula zancen bayin Allah ba tare da ya sani ba. Don haka sai ya kasa kunne tukuna, ya tambaya ko akwai mai amfani da wurin, ya faɗi alamar kiransa, ya jira amsa. Wannan dai ita ce sallamar da muka gada a ƙofar zaure.

Gaggawa a nan ta taɓa jawo abin baƙin ciki. Lokacin da jirgin ruwan nan Titanic ya nutse cikin watan Afrilu na 1912, mutum fiye da 1,500 suka halaka, amma sai saƙonni suka cakuɗe a iska har wasu jaridu suka buga cewa jirgin ya tsira. Aka ɗora wa masu rediyon sha'awa laifi, ko da yake ba kowa ya yarda da wannan ba. A shekarar nan Amurka ta yi dokar da ta wajabta musu lasin. Har yanzu idan aka ji kiran neman agaji, wajibi ne kowa ya yi shiru ya ba shi fili.

Sauran ƙa'idojin ba su da wuya. Ba a magana cikin zaurance don ɓoye ma'ana, ba a ƙara ƙarfin wuta fiye da bukata. Wadda na san za ta fi yi wa mutanenmu nauyi ita ce ta ciniki. Ranar Juma'a, sa'ad da kara ta cika, in dillali ya roƙi mai tasha ya sanar da abokin cinikinsa na Ikko farashin shanu, dole ya ba shi haƙuri ko da kawunsa ne, domin ba a ba shi lasin don kasuwanci ba, kuma hukuma tana iya karɓe shi.