Ƙuri'ar 'Yan Majalisun Jihohin Amurka Kan Ƙungiyoyin Ma'aikatan Gwamnati

Dokar ƙwadago ta tarayya da Amurka ta kafa a 1935 ba ta shafi ma'aikatan jihohi da na ƙananan hukumomi ba. Malamin makarantar gwamnati, da ɗan kwana-kwana, da ma'aikaciyar jinya a asibitin jiha, da direban motar da ke kwashe ƙanƙara a titi lokacin hunturu, dukkansu 'yancinsu na zama da hukuma a yi cinikin albashi yana hannun majalisar dokokin jiharsu ne. Shi ya sa a shekara guda, 1959, Wisconsin ta ba ma'aikatan ƙananan hukumominta wannan 'yanci, North Carolina kuwa ta haramta shi. A Najeriya abin ba haka yake ba, domin tsarin mulkin 1999 ya ajiye harkar ƙwadago da mafi ƙarancin albashi a hannun majalisar tarayya kaɗai, kuma da aka so mayar da batun albashin ga jihohi a 2021 sai da ƙungiyar NLC ta fito zanga-zanga. A Amurka kimanin ɗaya cikin uku na ma'aikatan gwamnati 'yan ƙungiya ne, alhali a kamfanoni masu zaman kansu adadin bai wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Ke nan babban kaso na ragowar ƙarfin ƙwadago a ƙasar yana cikin ofisoshin gwamnati da makarantu, kuma a zaurukan majalisun jihohi ake yanke masa hukunci.

Da can ba a iya sanin inda ɗan majalisa zai jefa ƙuri'arsa a irin wannan batu ta hanyar duba jam'iyyarsa kawai. Dokar da ta ba ma'aikatan Iowa damar cinikin albashi a 1974, gwamna ɗan Rifablikan ne, Robert Ray, ya sa mata hannu. Masana biyu, Sarah Anzia da Terry Moe, sun bi ƙuri'un majalisun jihohi kan fanshon ma'aikata, suka tarar cewa kafin karayar tattalin arzikin 2008 jam'iyyun biyu kan haɗu su amince da ƙarin fansho ba tare da hayaniya ba, sai bayan nan ne suka raba gari. Daga 2011 zuwa yau kuwa, in aka faɗa maka jam'iyyar ɗan majalisa, kusan ka gama sanin ƙuri'arsa. Masu kawo waɗannan dokoki suna cewa giɓin kasafin kuɗi ne ya tilasta su. Abin da na gani a cikin dokokin kansu, da waɗanda aka tsame daga cikinsu, da yadda ƙuri'un suka rabu, shi ne cewa kasafi ya buɗe ƙofa ne kawai, abin da ya shigo ta ƙofar kuwa lissafin zaɓe ne: wace ƙungiya ke ba wace jam'iyya kuɗi da masu yawon neman ƙuri'a gida-gida.

Wisconsin ce ta fi nuna wannan a fili. A watan Fabrairun 2011 sabon gwamna Scott Walker ya kawo ƙudirin da daga baya aka san shi da Doka ta 10, yana mai nuni da giɓin dala biliyan 3.6 da ake hasashe. 'Yan Rifablikan na da kujeru 19 cikin 33 a majalisar dattawan jihar, amma ƙudirin da ya shafi kashe kuɗi yana buƙatar mutum 20 a zaure kafin zama ya halatta. Sai sanatocin Dimokarat su 14 suka tsallaka iyaka zuwa Illinois, inda jami'an tsaron Wisconsin ba su da ikon kamo su, suka yi makonni uku a can, yayin da dubban malamai da ma'aikata suka cika ginin majalisa a Madison, wasu na kwana a kan daɓen da bargunansu. Ranar 9 ga Maris masu rinjaye suka cire sassan da suka shafi ware kuɗi domin kauce wa sharaɗin mutum 20, suka zartar da sauran da ƙuri'a 18 da 1. Ɗayan nan shi ne Dale Schultz, ɗan Rifablikan ɗin da ya ƙi bin sahu. Washegari majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 53 da 42, kuma babu ɗan Dimokarat ko ɗaya a cikin masu amincewa.

Yana da kyau a raba abin da ke cikin dokar gida biyu. Akwai na kuɗi: ma'aikaci zai riƙa biyan kimanin kashi 5.8 na albashinsa ga fansho, da aƙalla kashi 12.6 na kuɗin inshorar lafiya. Shugabannin manyan ƙungiyoyin jihar sun fito tun ana tsakiyar rikici suka ce sun yarda da waɗannan biyu muddin aka bar musu teburin ciniki, gwamna ya ƙi. Akwai kuma waɗanda ba sa tara wa baitulmali ko sisi: an hana cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi, an kuma wajabta wa kowace ƙungiya sake neman amincewar ma'aikata duk shekara, da sharaɗin samun kashi 51 na dukkan ma'aikatan sashen, ba na waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba. Ma'anarsa, malamar da ke hutun haihuwa ko mai gadin da ya manta ranar zaɓe, an lissafa su cikin masu cewa a'a. Babu ɗan majalisar da ya hau kujerarsa da irin wannan ma'auni. Shugaban masu rinjaye a majalisar dattawa, Scott Fitzgerald, bai ɓoye manufar ba: ya faɗa a gidan talabijin na Fox a lokacin cewa in aka yanke wa ƙungiyoyin hanyar kuɗi, Barack Obama zai sha wuya kafin ya ci Wisconsin a zaɓen da ke tafe.

Sai batun waɗanda aka tsame. Doka ta 10 ba ta taɓa 'yan sandan birane da 'yan kwana-kwana da 'yan sandan manyan hanyoyi ba, ga shi kuma albashinsu da fanshonsu na daga cikin mafiya nauyi a kasafin kowane gari. Walker ya ce tsoron yajin aikin da zai bar jama'a ba tsaro ne ya sa, masu suka kuma suka tuna cewa ƙungiyoyin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana na Milwaukee sun mara masa baya a zaɓen 2010. Ko wanne ne gaskiya, salon ya bazu. Michigan ta tsame su daga dokarta ta Disamban 2012 da ta hana tilasta biyan kuɗin ƙungiya, Iowa ta sassauta musu a 2017 lokacin da ta rage wa sauran ma'aikata abin da za su iya ciniki a kai, Florida ma ta tsame su tare da ma'aikatan gidajen yari a dokar 2023 da ta ce ƙungiyar da masu biyan kuɗinta ba su kai kashi 60 ba sai ta sake neman rajista. Ohio ce ta yi akasin haka, kuma abin da ya same ta shi ne darasin da sauran suka koya. Dokarta ta 2011 ta haɗa har da 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, ta sha da ƙyar a majalisar dattawa da ƙuri'a 17 da 16 bayan 'yan Rifablikan shida sun juya mata baya. Ƙungiyoyi suka tara sa hannun mutum fiye da miliyan ɗaya, aka kai ta ƙuri'ar raba gardama a watan Nuwamba, jama'a suka soke ta da sama da kashi 60. A Utah ma, da majalisa ta hana cinikin albashi ga kowa da kowa a 2025, sa hannun mutum fiye da dubu 300 ya dakatar da dokar. Abin da ke sa ɗan majalisa ya saɓa wa jam'iyyarsa a nan a bayyane yake: mutanen da dokar za ta ciza suna cikin masu zaɓensa ne, kuma tsarin mulkin jiharsa ya ba su hanyar ramawa. Wisconsin ba ta da ƙuri'ar soke doka, kiranye kawai gare ta, shi kuwa ya ci sanatoci biyu a 2011 amma Walker ya tsallake nasa a Yunin 2012 da kashi 53.

Mai ja da wannan bayani zai ce matsalar kuɗin gaskiya ce, kuma yana da hujja. Jihohi da dama sun yi wa ma'aikata alkawarin fanshon da ba su tanadi kuɗinsa ba, kuma majalisun da Dimokarat ke rinjaye ma sun taɓa aljihun ma'aikata. Rhode Island ta rage fansho a 2011 bisa jagorancin ma'ajiyar jihar, Gina Raimondo. A New Jersey shugaban majalisar dattawa Stephen Sweeney, wanda shi kansa jami'in ƙungiyar ma'aikatan ƙarfe ne, ya haɗa kai da gwamna Chris Christie a shekarar aka ƙara wa ma'aikata abin da suke biya. Illinois ta yi nata a 2013, kotun ƙolin jihar ta rushe shi a 2015. Amma waɗannan misalai sun ƙara wa bayanin ƙarfi ne. Inda batun ya tsaya kan nawa za a biya, ƙuri'a takan ratsa jam'iyyu, a samu na nan da na can a ɓangare guda. Inda batun ya koma ko ƙungiyar za ta ci gaba da rayuwa, wato yadda take karɓar kuɗinta da yadda ake sabunta rajistarta, sai kowa ya koma layinsa. Da giɓi ne ke tuƙa ƙuri'ar, da ba a ga Florida ta yi dokarta a shekarar da baitulmalinta ke cike ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Ƙungiyar ma'aikatan gwamnati tana taimaka wa wanda zai zauna a ɗaya gefen teburin ya ci zaɓe, mai biyan haraji kuma ba shi da kujera a wurin. Shugaba Franklin Roosevelt, wanda ya sa hannu a dokar 1935, ya rubuta a 1937 cewa cinikin albashi irin na kamfanoni bai dace da aikin gwamnati ba. Kuma lallai 'yan Dimokarat ma lissafi suke yi: da suka karɓe majalisun Michigan biyu da ratar kujeru bibbiyu, nan take a 2023 suka soke dokar 2012, ƙuri'ar kuma ta bi layin jam'iyya sak. Amsata ita ce, wannan damuwa tana da magungunan da suka yi daidai da ita, kamar wajabta bayyana kuɗin kowace yarjejeniya kafin a sa hannu, ko tilasta zuba kuɗin fansho a shekarar da aka yi alkawarinsa. Sannan in har haɗarin zama a gefe biyu na teburi ne dalili, to ƙungiyar 'yan sanda ma tana goyon bayan 'yan takara, tana kuma ciniki da su bayan sun hau. Ƙa'idar da ta kama malami ta saki ɗan sanda ba za ta iya kare kanta da wannan hujja ba.

Sakamakon ya fara bayyana da wuri. 'Yan ƙungiya a Wisconsin sun sauko daga kimanin kashi 14 na ma'aikata a 2010 zuwa kimanin kashi 8 a 2016, a jihar da aka haifi ƙungiyar ma'aikatan gwamnati ta AFSCME a cikinta. Hukumomin makarantu sun samu sauƙin kasafi, wannan gaskiya ne, kuma binciken Barbara Biasi ya nuna cewa gundumomin da suka koma biyan albashi gwargwadon ƙwazo sun jawo ƙwararrun malamai. Kuɗin dai daga albashin malaman ya fito, tsofaffin malamai da yawa kuma suka yi ritaya a shekarar farko. Ta fuskar siyasa, James Feigenbaum da abokan bincikensa sun kiyasta cewa dokokin da ke hana tilasta biyan kuɗin ƙungiya suna rage wa Dimokarat kimanin maki 3.5 a zaɓen shugaban ƙasa, abin da ke nuna lissafin Fitzgerald ba shaci-faɗi ba ne. Hukuncin Janus na kotun ƙolin Amurka a Yunin 2018, da alƙalai 5 da 4, ya shimfiɗa wannan hani a kan ma'aikatan gwamnati a duk ƙasar.

Akwai illar da masu dokokin ba su lissafa ba. Rufe teburin ciniki bai kawar da ƙorafin albashi ba, sai ya tura shi titi da harabar majalisa. A West Virginia, inda malamai ba su da 'yancin ciniki kuma yajin aiki haramun ne a gare su, sun rufe makarantu a dukkan gundumomi 55 na tsawon kwanakin karatu tara a 2018, har majalisar da Rifablikan ke rinjaye ta amince da ƙarin kashi 5. Illa ta biyu ita ce rashin tabbas. Ma'aikacin da zai yi shekara talatin yana aiki yana zaune ne ƙarƙashin dokar da ratar kujera biyu ke iya juyawa, shi ya sa ƙungiyoyin Illinois suka nemi mafaka a tsarin mulkin jiha, suka samu jama'a suka sa 'yancin ciniki a cikinsa a 2022.

Tsamewar da ta taimaki Doka ta 10 ta wuce a majalisa ita ce daga baya ta zame mata rauni a kotu. A Disamban 2024 alƙali Jacob Frost na gundumar Dane ya soke mafi yawan dokar, bisa dalilin cewa ta tsame wasu jami'an tsaro ta bar wasu, irin su 'yan sandan ginin majalisa da na jami'a da masu tsaron gandun daji, ba tare da hujjar da hankali zai ɗauka ba. An jingine aiwatar da hukuncin, majalisar da Rifablikan ke rinjaye kuma ta ɗaukaka ƙara.